Icce-Dutse da Sabon Idon Kuluwa

Tun da na dawo daga Masar ban sha gahawa ko sau ɗaya cikin natsuwa ba. Da na ɗora jabana, 'yar tukunyar gahawa, a kan gawayi sai a yi sallama: "Hajja Rakiya, ya hanya? Wai da gaske kin baro dutsen Malam can?" Na ba matan gabas labari, na ba matan yamma, na ba mai kawo madara, har muryata ta dishe. Shi ya sa na zaunar da jikata Ihsan, da ta zo hutu, na ce ta ɗauki alƙalami. Ni ban yi makaranta ba, amma abin da ya shiga kaina ba ya zubewa. Ta ce za ta gyara mini "munka" da "sunka" su koma irin Hausar rediyo. Na ce ta gyara, amma kada ta taɓa mini "icce", don a kan wannan kalmar aka yi tafiyar.

Saboda na nesa, bari in fara daga gida. Ƙauyenmu yana bakin kogi, kusa da Abu Hujar. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka, suka tsaya nan su noma guzuri, ga mu har yau muna noman guzurin. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, da ƙuruciyarsa ya bi masu kora raƙuma zuwa Masar. Da aka sayar da raƙuman ya tsaya yana lodin yashi a motoci cikin hamadar da ke gabas da Alƙahira. Da ya dawo sai ya ce ya ga daji a kwance: manyan itatuwa da ɓawonsu da rassansu, amma duk sun zama dutse. Ya kawo guntu guda, girman curin fura, don ya zama shaida.

Kuluwa ɗiyar kawunsa ce, taubashiyarsa, bakinta kuma a sake yake a kansa. Ranar wani suna, mata cike da tsakar gida ana tuƙa tuwo, ta ɗauko guntun nan ta jefa a murhu, ta ce, "In icce ne, shi ci wuta mu gani." Bai ci ba. Gefe ɗaya ya yi baƙi, shi ke nan. Aka yi dariya har tuwo ya kama. Daga ranar kalmar ta zauna a garinmu. Mai albasa ya ce kayansa na bana ne, a ce masa icce-dutse. Yarinya ta ce ta share ɗaki, uwarta ta ce icce-dutse. Gidanmu ma ya koma gidan Icce-Dutse, sunan da ubansa ya raɗa masa ya ɓace.

Malam bai taɓa yin gardama ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ruwa ya zama yana cutar da shi, da dutsen nan yake taimama. Kuluwa ta zo dubiya ta same shi yana shafawa, ta ce, "Ɗan goggo, zaɓi ɗaya. In icce ne, taimamarka ba ta yi ba. In dutse ne, ka yi muna ƙarya." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ke dai tahi ki gani." Ranar zaman makokinsa wani baƙo ya zo daga Rufa'a yana tambayar gidan da sunan Malam na yanka, ba wanda ya gane. Sai da ya ce mai raƙuman nan, aka ce, "Au, Icce-Dutse kake nufi." Ina daga ciki ina ji. Na ɗauki dutsen na ɗaure a bakin zane.

Shekaru suka wuce, yana ta rufe wa Kuluwa idanu biyu. 'Ya'yanta suka haɗu suka ce a kai ta Masar. Lokacin tsinkar auduga ne, kowa da abin da ya riƙe shi, ana neman mai rakiya. Ni kuwa ga jikata can Alƙahira tana karatun duwatsu a jami'a, karatun da na tabbata sunan nan ne ya tura ta. Na je na sami Kuluwa na ce zan raka ta, da sharaɗi ɗaya: in ido ya buɗe, ni zan zaɓi inda za a kai shi kallo.

Ta ce, "Ke ki ja ni mu tahi. In ya buɗe, ko bayan akuya kinka ce in kalla, na kalla."

Muka hau hafila, babbar motar haya, zuwa Singa, daga nan Sinnar. Tun a nan na gane aikin da na ɗauka. Kuluwa ba ta gani, amma sai an gaya mata komai, in an gaya mata kuma ba ta yarda. A Makwar na ce mata ruwa na fitowa daga ƙofofin madatsa fari kamar an buɗe buhun auduga, ta ce wannan ta sani, tana da ido lokacin da ta gan shi. Daga can gaba kuwa duk abin da na faɗa, amsa ɗaya ce. A Khartum na ce ga gini mai siffar ƙwai, ta ce icce-dutse. A jirgin ƙasa na Halfa, da muka shiga hamada, na ce mata tashoshin nan ba su da suna sai lamba, kamar shanun gwamnati, ta ce icce-dutse. Wata tsohuwa 'yar Nuba da muke zaune tare ta tambaye ni da Larabci mece ce wannan addu'ar da 'yar'uwata ke yawan yi. Na ce addu'ar tafiya ce ta mutanenmu. Matar nan ta ba mu dabino cike da hannu, kuma da muka sauka ta ɗaga mana hannu ta taga tana cewa "ishi-dushi, ishi-dushi". Allah ya yafe mini wannan.

A Halfa muka sauka lokanda, wato masaukin baƙi, muna jiran jirgin ruwa. Ba ɗaki ba ne, fili ne an jera gadajen igiya, mata gefe, maza gefe. Mutanen can da soyayyen kifi suke karya kumallo, ba koko, ba kunu. Da safe Kuluwa ta laluba ta zura takalman wani ɗan kasuwa, manya kamar kwalekwale, ta yi ta yawo da su tana cewa ƙafarta ta rame saboda rashin tuwo. Mutumin ya biyo mu ba takalmi, yana jin kunyar ya yi magana, sai "ya hajja, ya hajja" yake yi. Da na gane na cire mata, ta ce masa ai ɗumama masa ta yi.

Jirgin ruwan kuwa gari ne guda. Mutane da buhuna da akwatuna har bakin matakala. Wahalarsa alƙibla: ka tayar da salla kana fuskantar gabas, kafin ka yi sallama jirgi ya juya ka. Wani ma'aikacin jirgi ya ce mini in bi inda na fara, Allah ya san hanyar jirgi. Gab da faɗuwar rana muka wuce wani dutse a bakin ruwa da aka sassaƙa mutane a jikinsa, suna zaune hannu bisa gwiwa, kowanne ya fi hasumiyar masallacinmu. Na riƙo hannun Kuluwa na fara gaya mata, sai na tuna amsar, na ce, "Ba komai, tsauni ne."

A Aswan ne iyaka. Mutanen Masar ba su da "ja" a bakinsu, ni da na zauna shekaru ana ce mini hajja, da na taka ƙasarsu na koma hagga. Ma'aikacin da ke duba kaya ya kwance ƙullina. Ya ga busasshiyar kuɓewa ya wuce. Ya buɗe gwangwanin daddawa, ya ja da baya kamar an mare shi, ya kira abokinsa, shi ma ya shinshina ya kira wani. Na ce musu ta miya ce. Suka dubi juna da tausayi. A ƙarƙashin daddawar ya ciro dutsen Malam, ya ce wannan fa? Na ɗora tafin hannu a kai na shafa fuska, ya gane, ya mayar mini da hannu biyu. Kuluwa ta tambaye ni da Hausa, "Mi ya ciro?" Na gaya mata. Ta ce, "Har nan kinka ɗauko ƙaryar? Gaya mishi kada shi taɓa, tana yaɗuwa."

Ihsan ta tarye mu a tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira. Ta rungume ni tana "habboba, habboba", wato kaka, don yaran yanzu Hausarsu sai ta bi ta Larabci take fitowa. Ta kai mu gidan da ta kama mana, can sama, a hawa akwatin ƙarfe da ke ɗaga mutum. Mutanen Masar suna da kirki, amma suna sauri. Gaisuwarsu ba ta kai ko kan iyali ba ta ƙare. Mace tana sama ba ta saukowa cefane, sai ta zuro kwando da igiya ta taga, mai kanti ya zuba mata. Na ce wannan dabara ce, amma a ina za ta ji wanda ya mutu da wanda ya haihu? Abincinsu akwai wani da suke haɗa shinkafa da taliya da ƙananan wake da suke kira adas da albasa a kwano ɗaya, kamar an share kasuwa da yamma an dafa. Na ci don kada in raina. Da na gaji na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuɓewa da daddawa. Maƙwabciyarmu, wata mai jiki, ta buga ƙofa a firgice tana tambaya ko wani abu ya mutu a ɗakinmu. Na zaunar da ita. Ta ci malmala ta ƙara, ta tafi da sauran daddawar a ƙulle.

Aka yi wa Kuluwa aiki a ido ɗaya, likita ya ce ɗayan sai wani zuwan. Ranar da aka cire audugar ina tsaye a gabanta. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa, ta ce, "Rakiya, ashe haka kinka tsuhwa?" Na ce ta jira a kawo madubi.

Da likita ya yarda ta fita, da baƙin tabarau a fuskarta kamar direban babbar mota, na ce lokacin sharaɗi ya yi. Ihsan ta san wurin, malamansu na kai su. Muka ɗauki mota muka yi gabas. Malam ya ce mini hamada ce ba kowa sai masu ɗiban yashi. Mu kuwa gidaje muka yi ta ratsawa, sababbi, dogaye, har muka iso wata katanga. Ihsan ta ce abin da ke cikin katangar shi ne abin da ya rage, hukuma ta killace shi kamar yadda aka killace dajin Dindir saboda namun daji. Kuluwa ta ce, "Can dai zaki na iya gudu. Nan mi ake tsare ma? Kada duwatsu su tsere?" Mai gadin ƙofar, wani dattijo mai gashin baki, ya ba mu shayi ya gaya mana ƙa'ida: a bi tsakanin duwatsun da aka jera a hanya, a kalla, a taɓa, kada a ɗauki ko tsakuwa.

Muka shiga. Yashi, tsakuwa, rana. Muka yi tafiya, yashi da tsakuwa. Malam ya ce ba ka taku ba ka tsallake gungume ba. Ni kuwa ban ga ko sanda ba. Kuluwa ta ɗaga tabarau ta duba dama, ta duba hagu, ta ce a hankali, "To, ina dajin?" Ba ta ma yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Na ce a raina, na jawo matar nan ƙasa biyu, na buɗe mata ido, don ta tabbatar da sunan da ta raɗa.

Mai gadin ya biyo mu da sandarsa. Ihsan ta gaya masa abin da kakanta ya gani. Ya ce mijin hagga ya yi gaskiya, shi ma yana yaro haka wurin yake tun daga bakin hanya. Amma kowa ya zo sai ya ɗauki guntu ya kai gida. Masu gini suka zo da motoci suka kwashi manyan, ana kafa su a ƙofar gidajen masu hali don ado. Ya ce ubansa ma ya yi lodinsu, ya ci abincin ranar, washegari ba dutsen ba abincin. Shi kuwa ga shi ya aurar da 'ya'yansa da gadin waɗanda suka rage, mai shayin ƙofa na ci, direbobin da ke kawo baƙi na ci. Ya ce mu ƙara gaba, ɓarayi ragwaye ne, ba su shiga ciki sosai ba.

Muka gangara wani kwari. Sai ga shi a kwance. Tsawonsa ya kai daga ƙofar gidana zuwa rijiya, ya karye gida-gida kamar an sa masa zarto, kowane guntu na kwance daidai da ɗan'uwansa. Bayansa ga wani, ga wani can rabinsa cikin yashi.

Kuluwa ta yi shekaru tana gani da hannu, ba ta gama yarda da sabon idon ba. Ta durƙusa ta laluba. Mace ce da ta yi faskare tun tana budurwa. Ta bi ɓawon da yatsa. Ta sami gurbin da reshe ya fita. Ta zagaya wurin karayar ta ga zobe-zoben da ke cikin kowane icce. Ta sami 'yan ramuka ta ce, "Wannan ƙwaro ne ya ci shi." Sannan ta cire warwaronta ta ƙwanƙwasa, ya yi ƙara irin ta dutsen niƙa. Ta sa hannu biyu za ta motsa ƙaramin guntu, ko gezau. Ta zauna a kan yashi. Tun da na san Kuluwa ban taɓa ganin bakinta a rufe tsawon haka ba, har na fara jin tsoro.

Can ta ce wa Ihsan, "Ke mai karatu, icce ne ko dutse?"

Ihsan ta ce da can icce ne, ruwa ya kawo shi yashi ya binne. Ruwan ƙasa ya yi ta shiga jikinsa, yana fitar da iccen kaɗan kaɗan yana ajiye dutse a gurbinsa, har ba sauran icce ko ƙwaya, sai kamanninsa. Ta fara faɗin yawan shekarun, na ce ta bar wa Allah lissafinsa.

Kuluwa ta ce, "Ke nan taimamar ta yi."

Ihsan ta ce ta yi.

"Kuma bai yi ƙarya ba."

Na gyara mayafina kawai.

Muna nan sai ga 'yan makaranta da malamarsu, an jera su suna shafa gungumen suna tambaya. Ga wasu Turawa biyu, mata da miji, sun kwanta rubda ciki a rana suna ɗaukar hoton ramin ƙwaro. Ihsan ta ce mini, "Habboba, kin san ƙasusuwan nan masu nauyi da ke fitowa a gaɓar koginmu in ruwa ya janye, waɗanda ake jefarwa gefe in za a shuka? Su ma irin wannan ne, na dabbobin da suka shuɗe. Masana sun san da su, mu ne muke kafa tukunya a kansu." Na tuna ni kaina na taɓa danne murfin tulu da guda.

Kafin mu tashi na kwance bakin zanena na ciro dutsen Malam, na kara shi jikin gungumen in gani. Launi ɗaya, zane ɗaya. Na mayar na ɗaure. Ban lura mai gadin na kallona daga tudu ba.

A ƙofa ya tsaya gabana, da ladabi, ya ce, "Hagga, abin da ke cikin zanenki zai zauna nan." Na ce nawa ne, daga Sudan na zo da shi. Ya yi murmushi irin na wanda ya saba. Ya ce jiya wata ta ce na kakarta ne, shekaranjiya wani ya ce a aljihunsa ya tsince shi. Ihsan ta shiga yi masa bayani da Larabcin Masar, yana gyaɗa kai, hannunsa dai a miƙe. 'Yan makarantar nan suka taru suna kallo. Ni Rakiya, da ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba, a tsaye a ƙasar mutane ana kallona a matsayin ɓarauniyar dutse. A lokacin ne na san abin da Malam ya ɗanɗana: kana faɗin gaskiya, ana yi maka murmushi.

Sai Kuluwa ta ture ni gefe. Ta cire tabarau, ta karɓi dutsen, ta juya gefen baƙin ta kai shi dab da gashin bakinsa. Da Larabcinta na kasuwar Singa ta ce, "Duba nan, ɗana. Wannan ƙunar ni na yi ta, da hannuna, tun ba a haifi uwar yarinyar nan ba. Mijin wannan matar ɗan'uwana ne. Ya zo nan ya gani, ya koma ya faɗa, na jefa shaidarsa a wuta, na raɗa masa sunan maƙaryaci, ya mutu da shi. Gaskiya ya faɗa. In akwai wanda za ka tsare a ƙofar nan, ni ce."

Mai gadin ya karɓi dutsen. Ya shafa inda tafin Malam ya goge shi ya yi sumul. Ya kai hanci, ya yi saurin kau da kai, don dutsen nan ya kwana cikin daddawa tun daga gida. Ya ce duk hamadar nan ba dutse mai wannan ƙamshin. Ya miƙo mini da hannu biyu yana ba da haƙuri, ya ce in tafi da abina.

Na riƙe shi, na tsaya. Malam ya ɗauko shi ne ya yi masa shaida, ya yi shekaru a gidana bai gamsar da ko mutum ɗaya ba. A hannu guntun dutse ne kawai, kowa na iya cewa a bakin kogi aka tsinto shi. Wanda ya rufe bakin Kuluwa shi ne wanda aka bari a kwance inda Allah ya kwantar da shi. Da kowane mai raƙumi ya yi abin da Malam ya yi, da yau yashi zan nuna mata. Ga kuma yaran nan suna kallo, za su ga tsohuwa ta fita da dutse. Na ce wa mai gadin ya jira ni. Na koma da ƙafata har kwarin, Ihsan na riƙe da ni, na ajiye shi a gindin gungumen, gefen ƙunar a ƙasa. Na ce wa dutsen na sallame ka, na sami shaida mai baki.

Kuluwa ta ce, "Da mi za ki yi taimama in kin kwanta?" Na ce bangon ɗakina na ƙasa ne.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, don ban sami fili ba. Kuluwa ce ke gaya mini komai. Da muka zo wurin mutanen dutsen nan na bakin ruwa ta kusa faɗawa tafki, tana faɗa da ni don na ce mata tsauni ne.

Kun dai ga abin da ya biyo baya. Ranar da muka sauka ta tsaya a tsakar gidana, mata cike, ta faɗi abin da ta faɗa wa mai gadi, da Hausa wannan karon. Ta soya waina ta raba sadaka da sunan ɗan'uwanta. Duk wanda ya ce icce-dutse a gabanta yanzu, sai ya ji abin da bai shirya ji ba. Matsala ɗaya, gungumen yana girma a bakinta. Ranar farko daga ƙofa zuwa rijiya ne. Ranar Juma'a ya kai masallaci. Jiya na ji tana gaya wa mai madara ya kai daga nan zuwa Singa, da tsuntsayen dutse a kan rassansa. Shi ya sa yanzu in mai albasa ya ce kayansa na bana ne, sai a ce masa, "Kai, sabon idon Kuluwa." Ta zo mini da ƙara. Na ce ta yi haƙuri, ana sabawa.

Masu tambayar me ya sa ban ɓallo muku ko ɗan guntu na tsaraba ba, kun ji dalili. Mai son gani, hafila na tashi kullum da safe. Kafin nan ku fara da na gida: ƙasusuwan gaɓar kogi ku bar su inda ruwa ya ajiye su. Na riga na gaya wa mai unguwa a gaban mutane, in Masar na iya sa wa dutse mai gadi har baƙi su taso daga ƙasashe su kalla, mu da garinmu ke kusa da Abu Hujar, mai ma'anar uban duwatsu, bai kamata mu riƙa danne tulu da namu ba. Nawa na mayar tun ranar da na dawo.

Saura abu ɗaya. Makon jiya wani baƙo ya zo daga Rufa'a da saƙo, ya tsaya wurin masu shayi yana tambayar gidana. Ina bayan darni ina shanya kuɓewa, ina ji. Mai shayi ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba, sai ya tsaya. Ya ce, "Miƙe nan, ƙofa mai shuɗi, gidan marigayi," ya kira sunan, na yanka, wanda ubansa ya raɗa masa. Ni ba na faɗin sunan, ban taɓa faɗa ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Amma takarda ba matarsa ba ce. Ihsan, rubuta shi, ni zan kau da kai.

Malam Idrisu.